Dattin da Aka Kai wa Aling Goring a Buhu

Sau ɗaya tak na ga Aling Goring ta sha kaye a rigima, kuma a kan labule ne. Shekara hamsin muna layi ɗaya da ita a Malabon, can gefen Manila a ƙasar Filifin. Na ga ta sa mai kifi kuka a kasuwa, na ga ta sa mijinta, marigayi Mang Ambo, ya ci abincin rana a tsaye a bakin ƙofa don ƙafarsa da laka. Amma ran nan wani siririn ɗan fim mai gemun akuya ya tsaya a tsakiyar falonta ya ce a sauke labule, kuma aka sauke.

Wilmar ke nan. Ita ta riƙe shi a hannu ranar da aka yi masa baftisma, saboda haka ita ce ninang ɗinsa, wato uwarsa ta baftisma, har ƙasa ta naɗe. Yanzu ya haura talatin, ana ce masa Direk, wato darakta, yana yin irin fina-finan nan da ba kamfani a bayansu, ba waƙa a cikinsu, ba kuma mai kallonsu sai a wurin bikin fina-finai. Mako uku kafin ranar ya zo ya roƙi aron gidanta. Ita da ta ji fim, sai ta tuna irin na zamaninmu, wanda mace ke saukowa daga bene da doguwar riga tana rera waƙa. Ta ɗinka sabon labule ruwan ƙwai. Ta wanke har bayan firji. Ta sanar da duk wanda ya zo shagona sayen ashana.

Ina wurin da ya shigo duba gida. Ya cire takalmi, ya zaga, ya sosa gemu.

"Ninang, gidan ya yi kyau. Matsalar ke nan."

"Wace matsala?"

"Ya yi kyau da yawa. Fim ɗin a kan talakawa ne."

"To ni matar gwamna ce? Wankau nake yi tun uwarka ba ta san wanke hancinta ba."

"Na sani, Ninang. Amma gidan bai yi kama da na talaka ba."

"Da me gidan talaka yake kama?"

Sai ya hau lissafi da yatsa. A sauke labule. A yaye ledar da ke kan kujeru. A cire takardun digirin 'ya'yanta daga bango. Daɓen kuwa dole a kashe shi, wai ƙyallinsa ya yi yawa, kyamara tana hango kanta a ciki.

"Fita," in ji Goring. "Ɗauki gemunka ka fita."

Ɗan banzan bai yi musu ba. Ya sunkuya, ya kama hannunta ya ɗora a goshinsa, cikin ladabi kamar ɗan kirki.

"Shi ke nan, Ninang, ki yafe ni. Dama maƙwabciyarki Aling Metring ta ce in nata gidan nake so ƙofa a buɗe take. Har ta tambaya ko za a nuna a talabijin."

Goring ta dubi labule, ta dubi gidan Metring ta taga.

"Kwana nawa?"

"Bakwai."

"Sauke. A hankali, mara mutunci, da guga a jikinsa."

Sunanta na takarda Gregoria Mangubat, amma ko limamin da ya ɗaura mata aure Goring ya ce. An haife ta a bayan wata masana'antar da ake tsuma kifi a tace ruwansa don miya, inda ubanta ya yi aiki har warin ya raka shi kabari. Ina zargin a nan ta ƙulla gaba da datti, domin yarinyar da 'yan aji suka taɓa toshe wa hanci ba ta mantuwa. Shekara arba'in tana wanki da guga a gidajen masu hali. Da kumfar sabulu ta yi wa 'ya'ya uku karatu: mata biyu suna aikin jinya a ƙasar waje, namijin yana jirgin ruwa, sai dai a ga hotonsa da katon ciki. Sun sha cewa ta tashi su saya mata gida a kan tudu. Ta ce in ta tashi, wa zai nuna wa mutanen layin nan yadda ake zama?

Unguwarmu duk damina teku yana shigowa ya gaishe mu har gindin gado. In ruwa ya janye ya bar laka, kowa sai ya zauna ya yi tagumi ya zagi gwamnati. Goring ba ta da lokacin zagi. Kafin mu gama neman silifas ɗinmu ta kwashe, ta wanke, ta shafa jan man daɓe, ta taka ɓawon kwakwa da ƙafa ɗaya tana goga gaba da baya, ƙugu na kaɗawa kamar budurwa a filin rawa. Mang Ambo ya ce abin da ya gani ke nan ya aure ta, bai san aikin zai koma kansa ba. Gasar gida mafi tsafta da ofishin unguwa ke shiryawa, sau tara ta ci. Aling Metring mai gyaran gashi ta zo ta biyu sau tara. Suna gaisawa kullum, suna kiran juna Mare, wato ƙawa, suna aika wa juna abinci ranar biki, kuma kowacce tana duba gindin kwanon kafin ta ci.

Dattin a mota ya zo. Buhu shida, daga Manila. Da shi aka zo da wani ƙato mai ɗan kunne, wai shi ne mai tsara wuri, ya yi shekara huɗu a jami'a yana koyon ɓata gida. Na ce masa, ɗana, ga kwata nan a ƙofar shagona, ɗebi iya son ranka kyauta. Ya leƙa, ya girgiza kai. Namu dattin wai ba ya yin kyau a hoto.

Gaskiya mutumin ya iya aikinsa. Ya fesa wa bango ruwan gahawa. Ya hau kujera da kyandir ya baƙanta silin. Ya kawo yanar gizo a leda ya manna a kusurwa, ya baza gwangwanayen kifi, ya shafa wa daɓen wani abu mai kama da kunun da ya kwana. Goring tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo, irin tsayuwar da ta yi ranar da aka rufe akwatin Mang Ambo, sai dai wannan karon ta fi shiga damuwa.

Rana ta biyu, da suka fita cin abinci, ta saɗaɗa ta share kusurwa ɗaya. Kusurwa ɗaya kawai, don ta samu ta yi numfashi. Mai ɗan kunne ya dawo ya kwarara ihu kamar an taka masa wutsiya. Ashe kowane datti yana da hotonsa a waya, da lamba.

"Nanay!" ya ce, wato Mama. "Ina ƙashin kifin da ke nan?"

"Kyanwa ta gode."

"Ƙashin nan ya riga ya fito sau uku! Matar cikin fim za ta zauna kusa da shi ta tuna ɗanta!"

"Ta tuna shi kusa da wani abin mana. Ɗan nata kifi ne?"

Sai da aka tsayar da aiki, aka je kasuwa neman kifi mai tsawon wancan. Goring ce ta soya, don ta ce ba za a kawo mata ɗanyen wari gida ba. Mai ɗan kunne ya cinye shi a tsanake da cokali mai yatsu, kada ƙashi ya karye. Daga ranar aka kulle tsintsiyarta a mota, ita kuma aka kawo ta shagona ajiya, ni ce gandiroba. Ta goge min kwalaben alewa ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana faɗa min ra'ayinta a kan tarbiyyata.

'Yar wasan da ta fito a uwa kyakkyawa ce, fata kamar ba ta taɓa haɗuwa da rana ba. Aka sa mata yagaggiyar riga aka zaunar da ita a taga. Kwana uku tana kallon waje. Na ce wa Wilmar, me take jira? Ya ce ba ta jiran komai, ma'anar ke nan. Na ce a layin nan macen da ka ga ta zauna shiru haka, ko ta mutu ne ko tana sauraron faɗan maƙwabta.

Kwana bakwai ya zama goma sha ɗaya. Duk fushin da take yi, Goring ba ta fasa dafa musu taliyar pansit da rana ba, wai ba za a ce an yi yunwa a gidanta ba. Suka naɗe wayoyinsu suka tafi, labule ya koma mazauninsa, muka ɗauka magana ta mutu.

Bayan shekara, cikin Agusta, sai ga kati. An zaɓi fim ɗin Wilmar cikin goma da za su yi takara a babban bikin fina-finan da ake yi a Manila, can bakin teku. Goring ta so mu lallaɓa mu biyu. Ina! Wanda ya kawo katin ya fara tsayawa aski a wurin Metring. Kafin yamma Metring ta yi hayar jifni guda, doguwar motar haya irin tamu, ta cika ta da mutanen layi, har da Mang Isko kurma da bai san inda za a je ba.

Goring ta fito cikin rigar da ta ajiye don a binne ta da ita. A hanya ta raɗa min: "Ba komai, Tasing. Wa zai gane gidana ne? Ni kaina ban gane shi ba."

Mai gadi ya hana mu shiga da abinci, muka zauna a matattakala muka cinye tukunya guda, ruwa na yayyafi. 'Yan kallon nan duk matasa ne masu tabarau da jakar yadi, kowa cikin baƙaƙen kaya, har na tambayi wata ko wani ne ya rasu. Suna riƙe da takarda suna lissafin fim nawa za su gani kafin dare, wannan ya ce huɗu, wancan ya ce biyar, kamar masu shan magani. Cikin zauren sanyi kamar wurin ajiyar kifi.

Fim ɗin baƙi da fari ne, awa uku da minti arba'in. Matar ta kalli taga. Ruwa ya ɗiga a bokiti. Matar ta sake kallon taga. Rabin jifninmu ya yi barci, Mang Isko da minsharinsa har wani mai tabarau ya ɗauka cikin fim ne, na ga yana rubutawa. Ni ma na ɗan tafi na dawo, na tarar ba a matsa ko'ina ba. Mutum biyu ne ba su ƙifta ido ba: Goring da Metring.

Aka gama, sunaye suka fara hawa. Goring ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗauki jakarta. Sai allo ya yi baƙi, farin rubutu ya fito manya-manya, ya tsaya ya ƙi tafiya:

An ɗauki wannan fim a gidan Aling Gregoria Mangubat da ke Malabon, yadda muka same shi. Ba mu taɓa komai ba.

Zaure ya ɗauki tafi. Metring ta karanta da ƙarfi, sau biyu, wai don Mang Isko.

Aka kunna fitila, aka ce mai gidan tana nan, ta tashi a gan ta. Ta tashi kamar an ɗaga itace. Mutum ɗari huɗu suka juyo suna tafa mata, irin tafin da ake yi wa wanda ya tsira daga gobara. Wata mata mai lu'ulu'u a wuya ta miƙo hannu daga layin baya, ido jage-jage da hawaye, ta ce ƙungiyarsu tana raba sabulu, a ba ta adireshi.

Sabulu. Ga Goring. Na riƙe mata hannu don kada a yi kisan kai a gidan gwamnati.

Ana jera kujeru a dandamali don tambaya da amsa, sai ga Wilmar ya lallaɓo ya durƙusa a gefen kujerarta, gumi na zuba duk da sanyin nan.

"Ninang, don girman Allah. Alƙalan gasa suna layin gaba. Jimlar nan ta kan allo ce ta shigo da ni bikin nan. Shekara shida ina bugawa ana maido ni. In kika yi magana na mutu."

"Da ka mutu tun a hannuna ranar baftisma, da na huta."

"Ninang..."

"Tafi. Na ji. Bakina a rufe."

Kuma ta rufe. Na san abin da hakan ya ci mata, don farcenta a cikin damtsena yake. Aka yi tambaya ta farko, ta biyu. Sai wani Farfesa Ilagan, mai furfura har kafaɗa da gyale a wuya, ya karɓi makirufo. Irin mutanen nan ne da ke cewa suna da gajeriyar tambaya sannan su yi huɗuba. Ya ce shekara talatin yana kallon talaucin ƙarya a fim, yau ya ga na gaskiya. Ya ce dubi bangon nan, dubi silin ɗin nan, wannan datti ba hannun mutum ba ne, shekaru ne da yanke ƙauna suka yi shi. Ya ce har warinsa ya ji daga kujerarsa. Ya yi minti biyar a kan ƙashin kifi kaɗai.

Goring ba ta motsa ba. Da an tsaya nan, da ta koma gida da bakinta a rufe ta mutu da abin a ciki. Amma Metring ta ɗaga hannu, da sabon jan farcenta, aka miƙa mata makirufo.

"Ni maƙwabciyarta ce, Farfesa," ta ce da muryar coci. "Ba na son magana, amma tunda ta fito a fim... mu na kusa mun daɗe muna haƙuri. In alƙalan unguwa za su zo ne ake ɗan gyarawa."

Ban ga lokacin da Goring ta tsallake mutum uku ba. Sai ganin makirufo na yi a hannunta.

"Sunana Gregoria Mangubat. Dattin da kuka gani a buhu ya zo, buhu shida, daga nan garinku. Ga wanda ya kawo shi can, mai ɗan kunne, yana ɓuya bayan mai hula. Bangon gahawa ce. Ƙashin kifin ni na soya."

Metring ta ce, ba da makirufo ba amma kowa ya ji, "Allah sarki, tsufa."

Goring ba ta ko kalle ta ba. Dandamali ta fuskanta.

"Wilmar. Cire tabarau ɗin nan ka dube ni. Ranar da ka shigo gidana, me ka ce game da daɓena?"

Ya dubi alƙalai. Ya dubi ƙofar fita, na ga yana auna nisanta. Sannan ya cire tabarau.

"Na ce ƙyallinsa ya yi yawa, Ninang."

"Ɗaga murya, akwai kurma a cikinmu."

"Ƙyallinsa ya yi yawa! Gidan Ninang ya fi wannan zauren tsafta. Ni na rubuta jimlar, ƙarya ce. A gafarce ni."

Wasu suka yi dariya, wasu suka tafa, alƙalai suka haɗa kai suna ƙus-ƙus. Metring ta shiga binciken wani abu a can ƙasan jakarta. Ni a wurina an gama. Amma Farfesa ya riga ya ji wari a gaban mutum ɗari huɗu, ba zai yarda hancinsa ya yi ƙarya ba. Ya sake miƙewa.

"Nanay, da girmamawa, ba ki fahimci fasaha ba. Ko da an ƙara wani abu, abin da aka nuna gaskiyar rayuwar talaka ce."

"Ka taɓa zuwa Malabon?"

"Na rubuta littafi biyu a kan..."

"Ƙafarka na tambaya, ba bironka ba."

"Na wuce ta wurin."

"A mota, gilashi a rufe. To wanda ya gaya maka talaka ba ya shara, ka koma ka ce ya ba ka wani labarin. Mai kuɗi ne ke barin datti, don ya san wata Goring za ta zo da safe."

Ya gyara gyale, ya yi irin murmushin da likita ke yi wa mahaukaci.

"Nanay, kin ɗauki abin da zafi ne don kina ganin gidanki ne. Daga lokacin da ya hau allon nan ya daina zama naki. Alama ce. Gidan nan ƙasarmu ce, Nanay. Filifin ce baki ɗaya."

Goring ta dube shi tun daga gyale har takalmi.

"Au, ƙasar ce? To yanzu na gane. Shi ya sa masu digiri suka shigo da mota, suka ɓata ta, suka ɗauki hoto, aka tafa musu, suka bar wa tsohuwa shara."